Kalmasa

Ran Talata, rana ba ta gama hawa Dutsen Taka ba,
Kyaftin Mirgani ya sunkuyo rumfata a kasuwar Kasala,
tuta biyu a hammata, takarda mai hatimi a hannu.
Ya ce, "Usta Ilu, bataliya biyu sun zama ɗaya.
Ga koriya, ga ruwan ƙasa.
Guda muke so, kafin layya."

Na karanta, gahawata na hucewa a gefen keke.
Suna goma, in ji takarda, biyar dama, biyar hagu.
A jera su bisa shekara, wa ya riga ƙane.
Fagen da duka biyun suka taka, sau ɗaya za a rubuta.
Harafi yatsa biyu, zare ruwan zinare.
A cire tsohuwar geza a mayar wa sabuwa.
Inda aka ja da baya
ba ya hawa tuta.

Koriya na da tara, ɗayar takwas,
biyu sun yi tarayya.
Ko ni da lissafina bai wuce kamu da taƙi ba
na san biyar za su kwana a waje.
Na ce, wa zai zaɓa?
Ya ce, "An zaɓa tun a Hartum."

Babana Sambo shi ne mai bigilar koriya.
Ya tafi ina da haƙori huɗu.
Abin da ya dawo gida: bigila a lotse
da albashin wata biyu ƙulle a hankici.
A rijiyar Ummu Sidir ne, in ji waɗanda suka tsira.
Ya busa a janye, ya yi ta busawa
har na ƙarshensu ya haye tudu.
Shekara hamsin da ɗoriya ina ganin tutar nan a fareti,
ban taɓa neman rijiyar a jikinta ba.
Na san doka tun ban ga takardarta ba.

Da dare na kunna aci-balbal, wuta ta ɗauke,
na sa reza ina warware geza.
Wajen da sanda ke shiga, kalmasa ta buɗe baki.
Kore a kan kore,
ɗinkin soja, ba na tela ba,
wani taku dogo, wani gajere kamar tafiyar mai targaɗe:
Ummu Sidir.
Ƙarƙashinta mutum sha ɗaya.
Na bi da yatsa, don ido ya ƙi.
Na huɗu, Sambo. An manta wasali ɗaya.

Na daɗe zaune.
Jakin mai ruwa ya wuce, ya dawo.

Sai na jawo ruwan ƙasa, na farke tata.
Wani kwari ne da ban taɓa jin sunansa ba,
mutum shida, da zare iri uku,
kamar wanda ya yi ta roƙo tanti-tanti.
Su ma ashe suna da tasu rijiyar.

Kwana sha tara na yi.
Goma na zinare, kowane harafi yatsa biyu,
ban ƙara ɗigo ba, ban rage ba.
Sauran aikin bayan lisha ne:
biyar ɗin da aka sallama,
rijiya da kwari,
sha ɗaya da shida, na jera su kafaɗa da kafaɗa
tunda an ce sun zama ɗaya.
Wasalin babana na bar shi yadda na same shi.
Na ninke, na bi da keke sau biyu.

Kyaftin ya zo da rula jajibirin salla.
Ya auna, ya ƙirga, ya duba takarda,
ya sa hannu, ya biya har da na shayi.
Da ya ɗaga ta sai ya ɗan tsaya.
Ya ce, "Ta yi nauyi ta wajen sanda."
Na ce, yadin bana ne, ranka ya daɗe,
haka yake zuwa.